Kwanon Ranar Laraba

Lahadi, bayan magariba

Na iso Gezawa da la'asar. Mota biyu na hau, ɗaya daga Shanono zuwa Kano, ɗaya daga Kano zuwa nan. Gwaggo Rukayya, ƙanwar Baba, ita ta tare ni a tasha. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Halima Sa'adiya, ke ce kika koma haka?" Sai ta karɓi jakata.

Wannan ragowar littafina ne na Bayoloji. Na yage shafukan da na riga na rubuta, zan yi amfani da sauran.

Gwaggo ta samo mini aiki wajen wata Hajiya Larai mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Gobe zan fara. Baba ya ce in aikin ya karɓe ni in zauna nan har in sake jarrabawa baɗi, in bai karɓe ni ba in koma gida a yi kaka da ni. Gidan Gwaggo cike yake da yara, ba za ta iya riƙe ni haka kawai ba, na sani.

Ba na son komawa. A nan kaɗai zan iya rubuta wannan.

Kafin in shigo ɗaki Gwaggo ta ja ni gefe. Ta ce kada in faɗa wa kowa abin da ya faru a ƙauyenmu. Ta ce mutanen gari in suka ji daga can ka fito, wasu tausayi za su ishe ka da shi, wasu kuma su riƙa kallonka kamar kai ka jawo abin. In an tambaye ni, karatu ya kawo ni.

Litinin, bayan isha'i

Wurin aikin wani babban gida ne a bayan kasuwa. Akwai rumfar kwano inda ake suyar gyaɗa, da ɗakin inji, da sito. Mata bakwai ne, ni ta takwas. Aikina in tsince gyaɗa da safe, da rana kuma in zuba mai a robobi da mazurari, in manna sitika, in rubuta ranar da aka tace. Hajiya ta ce rubutuna yana da kyau. Ta ce za ta ga kamun ludayina na ɗan lokaci kafin ta yanke ko zan zauna.

Wadda ta fi kowa shekaru ita ce Inna Rahmatu. Ita ke kan kasko tun safe. Hannunta duk tabon ƙuna, muryarta kuma har titi ake ji. Da ta ji na gama sakandare sai ta sa mini suna Malama. Akwai Rumaisa, sa'ata ce ko ta ɗan girme ni, ita ke murza ƙuli. Surutu gare ta. Tun kafin azahar na san sunan saurayinta da irin babur ɗinsa.

Suna da wata al'ada. Kowace mace da ranarta ta kawo abinci daga gida a babbar fanteka. In an yi sallar azahar sai a shimfiɗa tabarma, kowa ta wanko hannu, a zagaye fantekar a ci tare. Har Hajiya tana zama in tana nan. Yau shinkafa da wake ce.

Suka ce, "Malama, bismillah."

Na ce, "Alhamdulillahi, na ƙoshi."

A gidanmu budurwa ba ta sakin baki ta ci abinci a gaban manyan da ba nata ba. Haka Innarmu ta tarbiyyantar da mu. Na zauna a kan buhu ina ta gyara sitika har suka gama.

Ƙafafuna ciwo suke. Kayana duk warin gyaɗa.

Talata, bayan magariba

Taliya 'yar murji. Na ce na ƙoshi.

Baba bai kira ba.

Laraba, bayan isha'i

Yau ranar Inna Rahmatu ce. Ɗanwake ta kawo, da mai da yaji, har da yankakken tumatir a kai. Da ta buɗe murfin kowa sai da ta yi shewa. Rumaisa ta ce duk Gezawa babu mai ɗanwaken Inna.

Inna Rahmatu da kanta ta kira ni. "Malama, taso. Jiya da shekaranjiya baƙunta ce, mun yafe. Yau nawa ne."

Na ce na ƙoshi.

Ta ce, "Me kika ci? Tun safe ina kallonki, ko gyaɗa ɗaya ba ki jefa a baki ba."

Na ce na karya sosai a gida. Ƙarya ce, koko kawai na sha.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "A bar ta. Cikin 'yan boko takarda yake ci." Aka yi dariya. Ni ma na yi murmushi don kada a ce na ji haushi. Amma ita ba ta yi dariyar ba.

Juma'a, da hantsi

Ba a aiki yau sai bayan masallaci. Na wanke kayana da na yaran Gwaggo. Garin nan ba ya shiru. Babura, injin markaɗe, masu talla, lasifika. Gwaggo tana ba ni haƙuri wai zan saba da hayaniyar. Ban gaya mata ba, hayaniyar ce take sa ni iya barci.

Litinin, bayan magariba

Na fara gane aikin. Mai in da ɗuminsa ya fi saurin bin mazurari. Sitika in roba ta jiƙe da mai ba ta kamawa, sai an goge da tsumma. Yau ban ɓata ko ɗaya ba.

Rumaisa ta raka ni har bakin layinmu. Ta tambaye ni ko ina da waya, na ce ta Gwaggo nake ara. Ta tambaye ni ko ina da ƙanne. Na ce ga gidanmu can, sai da safe.

Na ce na ƙoshi yau ma. Sun daina kira sau biyu.

Laraba, bayan isha'i

Na yi kuskure, kuma ban san girmansa ba.

Ɗanwake ne yau ma. Inna Rahmatu ba ta ko dube ni ba, wata ce ta ce bismillah, na ba da amsar da na saba. To amma tun hantsi jiri yake ɗibata. Gwaggo ta tashi da zazzaɓi, ba a dama koko ba. Da suka zauna cin abinci sai na zagaya ta ƙofar baya, na sayi awara wajen wata mai suya a bakin hanya, na shiga sito na tura ƙofa. Na tsuguna a bayan buhuna ina ci da sauri.

Sai ƙofa ta buɗe. Inna Rahmatu ce, ta zo ɗaukar gishiri. Hannunta ma da maiƙon ɗanwake.

Ta dubi ledar, ta dube ni. Awara na bakina, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa.

Ta ce, "Ashe ana jin yunwa."

Ta ɗauki gishirinta ta fita, ta ja mini ƙofar a hankali. Da ma faɗa ta yi.

Alhamis, bayan magariba

Na gaishe su da safe, biyu ne suka amsa. Da azahar ba wadda ta ce bismillah. Rumaisa ma kanta a ƙasa.

Na gaji.

Asabar, bayan la'asar

An tashi da wuri. Na bi Rumaisa a hanya, na yi ta maza na tambaye ta. Da farko ta ce babu komai. Da muka wuce masu kayan miya sai ta tsaya ta juyo.

"Ke wai da gaske ba ki sani ba, ko iya shege ne?"

Na rantse mata.

Ta ce shekarun baya, tun ita tana ƙarama, Inna Rahmatu tallan ɗanwake take yi a ƙofar gidanta, layi ake yi. Sai yaron maƙwabta ya ci, ya kwanta ciwo, yana ta sambatu yana kiran sunanta. Aka ce mayya ce. Aka taru a ƙofar gidanta, aka sa ta tsallaka yaron a gaban jama'a. Yaron ya warke, zazzaɓi ne kawai, yanzu ma direba ne. Amma daga ranar ba wanda ya sake sayen ɗanwakenta. Ko ruwa ta ba yaro sai uwarsa ta karɓe ta zubar. Hajiya Larai ce ta ɗauke ta aiki, kuma saboda ita aka fara cin abinci a kwano ɗaya, Hajiya ta fara sa hannu a gaban kowa.

"Sai ga ki," in ji Rumaisa, "kin ƙi nata, kin ɓuya kina cin na bakin titi. A ranarta! Me kike so ta ɗauka? Cewa take an riga an ba ki labarinta a unguwa."

Na ce wallahi ban taɓa ji ba, kuma ai na kowa ma ba na ci.

Ta ce, "To don me? Ƙyamarmu kike? Mu ba mu yi sakandare ba?"

Na ce kunya ce.

Ta ce, "Kunya ta kwana biyu ce, Sadiya. Wannan kuma wani abu ne." Ta tsaya tana jira. Na dubi ƙasa. Da ta gaji ta ce sai Litinin.

Lahadi, da azahar

Yau aka yi addu'ar arba'in ɗin ƙanwata Aina'u a gida. Ba a ce in je ba, ban ce zan je ba. Gwaggo ta yi waina ta raba wa maƙwabta, ta ce musu sadaka ce kawai.

Baba ya kira. Ya ce an yi lafiya, mutane sun zo daidai gwargwado, waɗanda ba su tashi daga ƙauyen ba. Ya ce an fara yankan dawa, amma da la'asar kowa yake barin gona. Na ce a ba ni Innarmu. Ya ce ta kwanta.

Lahadi, bayan magariba

Shekarar Aina'u goma sha ɗaya. Ita ce mai cewa in na zama nas ita za ta riƙa riƙe mini jaka.

Talata, bayan isha'i

Na shirya maganar tun a hanya. Na je da wuri, na tarar da Inna Rahmatu ita kaɗai tana hura wuta. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri da abin da ya faru ranar Laraba."

Ba ta daina fifita wutar ba. Ta ce, "Me ya faru? Mutum ya ci abin da ya yarda da shi, laifi ne? Tashi, Malama, kada hayaƙina ya taɓa ki."

Na tashi.

Da azahar na zauna a kan buhuna. Ina jin ƙarar hannuwa a cikin fanteka. Ba na son wannan ƙarar.

Alhamis, bayan magariba

Jiya ashe an yi suna a gidan ɗaya daga cikinsu, duk sun je bayan an tashi, har da atamfa iri ɗaya. Yau suna ta kallon hotuna a wayar Rumaisa suna dariya, wai Inna Rahmatu ta taka rawa har ɗankwalinta ya faɗi. Ba wadda ta gaya mini. Da an gaya mini ma ban san ko zan je ba. Amma na ji abin.

Hajiya ta kira ni ɗakin inji bayan la'asar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce aikina ba shi da aibu, amma ita ba robobi kaɗai take tarawa a gidan nan ba. Ta ce tun da ta kafa wurin nan ba a taɓa raba mata kwano ba, yanzu ga Rahmatu tana cewa a cire ta daga ranar girki.

"Ranar Litinin taki ce," in ji ta. "Ki dafo ki kawo kamar kowa. Asabar ta sama zan gaya miki matsayinki. In zama da mutane ne ba kya iyawa, gara ki koma inda kika saba."

Inda na saba.

Juma'a, da yamma

Na gaya wa Gwaggo an ce in kawo abinci. Ban gaya mata sauran ba. Ta ji daɗi, ta ce alamar sun karɓe ni ke nan.

Lahadi, bayan la'asar

Dambu zan yi, irin na Innarmu, da zogale da gyaɗa. Na surfa masara, na kai ɓarji, na tsinke zogale. Hannuna ya tuna komai. Ina cikin tsinkewa na juya zan ce Aina'u ta miƙo mini faifai, sai na ga 'yar Gwaggo ce a wurin. Na tashi na ɗauko da kaina.

Litinin, bayan isha'i

Na tashi da asuba na turara shi sau biyu. Ya yi kyau, Gwaggo ta ɗanɗana ta ce kamar a gida. Na ɗauko fantekar a ka har wurin aiki.

Da azahar na shimfiɗa tabarma da kaina, na ajiye, na buɗe. Hajiya ta tafi Kano kai kaya. Na ce, "Bismillah." Muryata ko ni da ƙyar na ji.

Suka dubi Inna Rahmatu. Tana zaune tana goge hannu da gefen zani.

Ta ce, "Alhamdulillahi. Na ƙoshi."

Ɗaya bayan ɗaya suka faɗa. Na ƙoshi. Na ƙoshi. Wata ma har da kwaikwayon muryata, aka ƙyalƙyale. Rumaisa ta tashi ta shiga banɗaki ta daɗe.

Na tsaya a kan fantekar, tururi yana tashi. Da ni kaina na zauna na ci, ƙila da wata ta taso. Na sani. Na kasa. Na mayar da murfi.

Na dawo da shi a ka kamar yadda na kai shi. Ya fi nauyi a dawowa. Na ce wa Gwaggo an yi baƙi sun kawo wani abincin. Yara suka cinye da daddare.

Ban ga laifinsu ba. Abin da na yi musu suka yi mini, sau ɗaya tak.

Talata, da asuba

Ba kunya ba ce. Da farko na ɗauka ita ce.

A tsakar gida muke, ni da Aina'u da Innarmu, kwano ɗaya, tuwon dawa. Ta ture hannuna wai ina cin gabanta. Daga nan muka ji baburan 'yan bindiga. Da gari ya waye kwanon yana nan inda muka bar shi, da shatin yatsunta a jikin tuwon.

A gidan Gwaggo a ɗan kofi nake zuba nawa in shiga ɗaki. Ba ta taɓa tambaya ba.

Talata, bayan magariba

Ban kalli kowa ba, ba wadda ta kalle ni. Saura Laraba, Alhamis, Juma'a.

Laraba, bayan isha'i

Zan rubuta yadda ya faru.

Na ɗauka ba za ta kawo ba, amma ta kawo. Ɗanwake. Hajiya tana nan. Aka shimfiɗa tabarma, aka zagaye. Ba wadda ta kira ni.

Na ajiye mazurari. Na ɗauki buta na wanke hannuna, na daɗe ina wankewa. Sannan na je na durƙusa tsakanin Rumaisa da Inna Rahmatu. Babu wuri, sai da Rumaisa ta matsa.

Duk suka juyo suna kallona.

Inna Rahmatu ta ce, "Wa ya kira Malama?"

Na ce ba kowa.

"Ba kya tsoron in cinye ki?"

Wata ta ce, "Haba Inna." Hajiya ta ɗaga mata hannu, ta yi shiru.

Na miƙa hannu. Ya kai bakin fantekar ya tsaya. Ga hannuwa a ciki, ga mai yana ƙyalli. Ina ganin hannuna kamar ba nawa ba, na kasa tura shi, na kasa janye shi.

Na ce, "Inna, ba ke nake tsoro ba. Kwanon ne."

Ban san yadda maganar ta fita ba. Na ƙara da cewa, "Mu uku ne muke ci."

Inna Rahmatu ta ce, "Daga ina aka ce kin zo?"

Na ce wajen Shanono.

Wata ta fara salati a hankali. Wata ta ce, "Wane ƙauye? Ko ku ne aka..." Inna Rahmatu ta juya ta daka mata tsawa. "Ci abincinki! Ke 'yar jarida ce?"

Sai ta jawo murfin fantekar, ta goge shi da gefen mayafinta, ta ɗebo ɗanwake da hannunta ta zuba a kai, ta malala mai, ta barbaɗa yaji. Ta ajiye a gabana, bakin murfin yana taɓa fantekar.

Ta ce, "Ci a nan. Amma ba sito. In na sake ganinki a sito da leda, ni da ke ne."

Na ci. Ba da yawa ba. Yajin ya yi yawa ƙwarai, hawaye suna ta zuba, Rumaisa ta ce, "Yajin Inna ke nan, ni ma ranar farko sai da na yi kuka." Kowa ta yarda yajin ne. Suka ci gaba da hirarsu ta tsadar itace kamar ba na wurin.

Da za a tashi Inna Rahmatu ta dubi murfin ta ce, "Wannan ne cin? Kaza ta fi ki." Sannan ta ce dambun nan na ranar Litinin ƙamshinsa ya hana ta sukuni, kuma bashi ne, sai na sake.

Na yi amai a hanya, a bayan wani kango. Amma na ci.

Alhamis, bayan magariba

Fate. A murfi. Ya zauna a cikina.

Ba wadda ta tambaye ni komai. Ina jin an gargaɗe su.

Asabar, bayan isha'i

Na wuni ina jiran Hajiya ta kira ni ɗakin inji. Ba ta kira ba. Da aka tashi tana rufe sito ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Halima, Litinin ki zo da wuri, za a kawo sababbin robobi. Kuma ki ba Rumaisa awonki, akwai biki ƙarshen wata."

Shi ke nan abin da ta ce.

Na ɗauka zan yi murna. Gajiya kawai nake ji, har cikin ƙashi.

Na ari wayar Gwaggo na kira Baba. Na ce masa an riƙe ni. Ina jin kukan tinkiya a bayansa, ba muryar mutum ko ɗaya. Ya ce ya sa rai zan zo a yi sussuka da ni, gidan ya yi faɗi. Na ce ya yi haƙuri. Na ce ba zan iya ba tukuna. Ban taɓa ce wa Baba ba zan iya ba.

Ya ce, "To. Zauna. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin.

Ya ce, "Kina dai cin abinci?"

Na ce, "Na fara, Baba."

Ya ce, "Madalla. Bari in gaya wa innarki, ko ita ma za ta gwada."